Yadda Ake Shirya Layin Kayan Aiki Da Madannan Yanke Kafin Haska Hotuna A Taro

A garuruwanmu na karkara, daga Ringim zuwa Taura, daga Gumel zuwa ƙauyukan da ke gefen kogin Haɗeja, mai majigi ya samu shiga. Ranar saukar karatu a Islamiyya ana nemansa, ranar yaye ɗaliban firamare ana nemansa, haka idan malamin gona zai nuna wa manoma yadda tsutsa ke cin masara ko yadda ake dashen shinkafa a jere. A ɗaura farin yadi a bango, a tayar da janareta bayan Magariba, a haska hotuna.

Inda aikin ke lalacewa kusan kullum sananne ne: lokacin da aka ce "Malam, a koma mana baya", ko aka kira sallah, ko hoto ya fito a kwance. Nan za ka ga mai kwamfuta ya sunkuya yana jan linzami, ya buɗe wannan ya rufe wancan, duk jama'a na kallon laluben da yake yi a jikin yadi, man janareta kuwa yana ta ƙonewa. Maganin wannan a gida ake haɗa shi, tun kafin ranar taro. Ka tara 'yan kayan aikin da kake buƙata a layi ɗaya, ka haddace madannan yanke kaɗan, wato madannan kibod da ke yin aiki kai tsaye ba sai an ja linzami ba, har hannunka ya riƙa zuwa kansu da kansa, kamar yadda mai shayi ke kai hannu ga sukari da gwangwanin madara alhali idonsa na kan mai saye.

Manhajoji uku zan taɓa: IrfanView don tace hotuna, PowerPoint don haskawa tunda ita ce ta fi yawa a kwamfutocinmu, sai LibreOffice Impress ga wanda yake son ya sanya madannan da ransa ke so. Sunayen da ke fuskar kwamfuta zan rubuta su yadda za ka gan su, don kada ka sha wahalar nema.

Fara da kibod ɗin kansa

Yawancin laftof ɗinmu na hannu ne, an sayo su a Kano, a titin Beirut ko a Farm Centre, kuma kafin su zo nan sun yi aiki a wata ƙasa. Saboda haka kada ka haddace ko madanni ɗaya sai ka tabbatar abin da aka zana a jikinsa shi yake fitarwa.

Buɗe Notepad, 'yar manhajar rubutu ta Windows, ka dubi layin haruffa na sama a jikin kibod ɗin. Idan ya fara da Q W E R T Y, ka huta. Idan ka ga Z a inda Y ya kamata ya kasance, kibod ɗin Jamus ne. Idan layin ya fara da A Z E R T Y, daga Faransa ko Beljiyam ya fito, kuma shi ne ya fi rikita mutane. Masu gyara suna sanya wa Windows tsarin Turancin Amurka, sai ya zama madannin da aka rubuta W a jikinsa Z yake bugawa, na Z kuma ya buga W. Idan kuwa an bar tsarin Faransancin, lambobin layin sama ba sa fitowa sai an haɗa da Shift, alhali lambobin nan su ne jarinmu a wannan aiki. Danna madannin Windows tare da dogon madannin tazara, za ka ga tsarin da kake kai, ka zaɓi na Turanci. Sannan ka buga B, W, S, G, ɗigo, waƙafi, da lambobi daga 1 zuwa 0, ka ga a ina kowanne yake zaune. Abin daɗi shi ne B ba ya canza mazauni a duka ukun.

Abu na biyu shi ne layin F1 zuwa F12. A laftof da yawa idan ka danna F5, haske ko sauti zai motsa, nuni ba zai tashi ba, sai ka haɗa da Fn. A Dell da Lenovo da dama, danna Fn da Esc tare sau ɗaya yana juya wannan. A HP kuwa sau da yawa sai an shiga BIOS, wato saitin kwamfuta na can ciki, da F10 lokacin kunnawa, a kashe Action Keys Mode. Wanda bai saba da BIOS ba ya bar mai gyara ya yi masa, ko ya saba da riƙe Fn kawai, ba wani abu ba ne.

Na uku, idan aka danna Shift sau biyar a jere, Windows na fito da akwatin Sticky Keys da ɗan ƙara. Yara da ke zagaye tebur suna iya jawo maka wannan a tsakiyar taro. Shiga Settings, sai Ease of Access a Windows 10 ko Accessibility a Windows 11, sai Keyboard, ka kashe zaɓin da ke bari Shift ya tayar da shi.

Ƙurar hunturu tana kashe madannai ɗaya bayan ɗaya. Idan naka sun fara tauri, sayi kibod na waje mai waya. Ya fi arha a kan canza na laftof, kuma a duhu ya fi sauƙin lalube.

Tace hotuna kafin komai

Mai hoto zai kawo maka ɗaruruwan hotuna a filash, rabi maimaici ne, wasu sun dushe. Ba a zuba su duka a nuni. A nan IrfanView ke da amfani. Ƙaramar manhaja ce da Irfan Skiljan ya fitar tun 1996, ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta. Kyauta ce ga aikin gida da na makaranta, amma wanda zai yi sana'a da ita ana buƙatar ya sayi lasisi, kuma hakki ne ya san da haka.

Ka fara kwafe hotunan daga filash zuwa wata folda a kwamfutarka, a kan kwafin za ka yi aiki. Ka buɗe wata folda babu komai a ciki, ka sa mata suna, misali Zaɓaɓɓu. Buɗe hoto na farko a IrfanView. Madannin tazara zai kai ka gaba, Backspace ya mayar da kai baya. Duk hoton da ya yi maka, danna F8, akwatin kwafi zai fito, ka nuna masa foldar Zaɓaɓɓu sau ɗaya, daga nan zai riƙa tunawa da ita. F7 ɗauke hoton yake yi gaba ɗaya daga inda yake, don haka ni ba na taɓa shi a wannan aiki. Hoton da ya kwanta, R na juya shi dama, L na juya shi hagu, amma a idonka kaɗai ya juyu har sai ka danna Ctrl da S. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su juya hoto su wuce, ranar taro ya sake fitowa a kwance.

Idan ka gama, danna B, akwatin aikin gayya zai buɗe. Zaɓi Batch rename, ka jera hotunan yadda kake so su biyo juna, ka rubuta suna kamar sauka### a wurin tsarin suna. Kowace alamar # lamba ɗaya ce, sai su fito sauka001, sauka002, har ƙarshe. Duk manhajar da ka zuba su a ciki za ta bi wannan jeri.

Layin kayan aikinta kuma, danna P, ka nemi Toolbar a gefen hagu, ka cire alamar da ke gaban abubuwan da ba ka so. Ni alamar gogewa nake fara cirewa, musamman idan yaron shago zai taɓa kwamfutar. Madannan IrfanView kuwa yadda suka zo haka za ka karɓe su. Tana iya haska hotuna da kanta idan ka danna W ka zuba su a jerin, kuma ga ƙaramin zama ta wadatar. Sai dai ka lura: W da B a nan aikinsu dabam, a PowerPoint dabam. Saboda haka a daren taro manhaja ɗaya za ka riƙe, kada ka haɗa biyu.

Ƙaramin layin PowerPoint

PowerPoint ta Windows ba ta ba ka damar sanya madannan yanke naka kai tsaye yadda Word ke yi. Amma akwai ƙofar baya. Tun daga fitowar 2007 tana da wani siririn layi a can sama mai suna Quick Access Toolbar, kuma duk abin da ka ɗora a kansa yana samun lamba da kansa. Na farko Alt da 1, na biyu Alt da 2, har zuwa na tara. Wato idan ka tsara layin, ka tsara madannai tara ke nan.

Idan ba ka ga layin ba, domin a wasu sababbin fitowa a ɓoye yake zuwa, danna linzamin dama a kan faffaɗan layin sama, ka zaɓi Show Quick Access Toolbar. Sannan ka shiga File, sai Options, sai Quick Access Toolbar. Akwatuna biyu za ka gani, na hagu rumbun umarni ne, na dama abin da ke kan layinka. A saman na hagu, inda aka rubuta Choose commands from, canza shi zuwa All Commands. Jerin yana da tsawo ƙwarai amma a jeren haruffa yake. A saman na dama kuma ka tabbatar For all documents ke nan, in ba haka ba shirinka zai maƙale a fayil ɗaya.

Yanzu ka share abin da ya zo da shi. Save yana da Ctrl da S, Undo yana da Ctrl da Z, Redo yana da Ctrl da Y, fara nuni yana da F5. Asara ce a ba su lamba alhali suna da nasu madannan. Zaɓi kowanne ka danna Remove, har da AutoSave idan yana nan, don shi ma yana cin lamba ta farko. Sai ka ɗora naka da Add, kana gyara jerin da kibiyoyin da ke gefen dama. Ga yadda nake ba da shawara, bisa yadda aikin ke tafiya daga farko zuwa ƙarshe:

1. New Photo Album, zuba hotuna
2. Edit Photo Album, gyara jerinsu
3. Rotate Right 90°, juyawa dama
4. Rotate Left 90°, juyawa hagu
5. Crop, yanke gefen hoto
6. Hide Slide, ɓoye shafi
7. Slide Sorter, ganin duka shafuka a allo ɗaya
8. Compress Pictures, rage nauyi
9. Set Up Slide Show, tsarin nuni

Kada ka wuce tara. Na goma lambarsa 09 ce, na sha ɗaya 08, lissafin yana komawa da baya, kuma babu mai tuna wannan a cikin gaggawa. Danna OK, sannan ka taɓa Alt sau ɗaya ka saki, lambobin za su bayyana a kan alamomin. Da lambobin layin sama ake amfani. Na gefen dama a kan babban kibod, idan aka haɗa su da Alt, wasu baƙaƙen alamomi suke bugawa. Idan wani umarni ya ɓace maka a dogon jerin, nemo shi a inda ka saba ganinsa, danna masa linzamin dama, ka zaɓi Add to Quick Access Toolbar, zai zauna a ƙarshen layi.

Bari mu bi aikin da lambobin. Alt da 1, akwati ya buɗe, danna File/Disk, shiga foldar Zaɓaɓɓu, Ctrl da A, sai Insert. A Picture layout zaɓi Fit to slide, hoto ɗaya ya cika shafi. Tsarin hotuna huɗu a shafi ɗaya yana da kyau a fuskar laftof, amma dattijon da ke layin baya ba zai gane jikansa a ciki ba. Danna Create. Za ta buɗe sabon fayil, shafin farko na take ne, saboda haka hoto na ɗaya yana shafi na 2. Riƙe wannan, zai yi amfani an jima.

Duk gyaran jeri da ƙari da ragi ka gama shi da Alt da 2 kafin ka fara yanka da ado, domin idan ka sake shiga akwatin ka danna Update, yana iya goge wasu gyare-gyaren da ka yi a kan shafuka. Juyawa ma ya fi kyau a cikin wannan akwatin, saboda zai sake daidaita hoton da girman shafi. Lamba 3 da 4 na wanda ya kuɓuce ne. Kuma su da 5 da 8 ba sa aiki sai ka taɓa hoton tukuna. Idan abu ɗaya za ka maimaita a hotuna da yawa, F4 na maimaita aikin ƙarshe. A jerin shafuka na gefen hagu, Ctrl da kibiyar sama ko ƙasa na matsar da shafi ba sai ka ja shi da linzami ba.

Lamba 8 ta cancanci a tsaya a kanta. Hotunan wayar zamani manya ne, ɗari biyu daga cikinsu za su sa tsohuwar laftof ta riƙa cijewa tsakanin shafi da shafi. Taɓa hoto ɗaya, Alt da 8, cire alamar Apply only to this picture don aikin ya shafi duka, zaɓi 150 ppi, wanda ya ishi majigi. Ka kuma bar alama a kan Delete cropped areas of pictures. Dalilin wannan ya wuce rage nauyi. Idan ka yanke wata baiwar Allah daga gefen hoto, ɓangaren da ka yanke yana nan a ɓoye cikin fayil, duk wanda ka tura wa zai iya dawo da shi da dannawa biyu. Wannan alamar ce ke goge shi da gaske.

Haka batun lamba 6. A taron da ya haɗa maza da mata, akwai hotunan da masu su ba za su so a haska ba, musamman na matan aure a ɓangaren walima. Hide Slide na sa nuni ya tsallake shafin, amma idan hannunka ya faɗa kan H a shafin da ya zo kafinsa, ko ka buga lambarsa bisa kuskure, zai fito. Don haka Hide Slide na hoton da ya maimaitu ne ko jawabin da aka fasa. Abin da ya shafi mutuncin mutane, fayil biyu ake yi, na fili dabam, na cikin gida dabam. Kuma tun wurin tacewa ka tambayi shugaban makaranta ko mai gidan biki waɗanne ne za a haska.

Saura lokaci. Shiga Transitions, a ɓangaren dama ka sa alama a After, ka rubuta daƙiƙa 5 ko 6, ka danna Apply To All. Bar alamar On Mouse Click yadda take, don ka iya tura hoto da hannu. Hoton rukuni na son daƙiƙa 10 ko fiye, kowa na neman fuskar nasa. Sai Alt da 9, ka sa alama a Loop continuously until 'Esc' idan kana so hotuna su yi ta zagayawa lokacin da baƙi ke isowa. A wannan akwatin akwai zaɓin Browsed at a kiosk. Kada ka taɓa shi. Yana kashe madannan tafiyar da nuni, Esc kaɗai yake bari.

Wanda laftof ɗinsa ke da ƙaramar fuska ya danna Ctrl da F1, faffaɗan layin zai naɗe, ya bar masa siririn layinsa da fili mai yawa. Akwai kuma Customize Ribbon a cikin Options tun fitowar 2010, inda za ka buɗe naka sashe da New Tab ka zuba umarni. Yana da amfani ga shagon da yara da yawa ke koyo, amma ga mutum ɗaya lambobin nan tara sun isa.

Madannan daren taro

Da zarar nuni ya tashi, layukan nan duk sun ɓace, Alt da lamba ba ya aiki. Wasu madannan ne ke mulki, kuma waɗannan haddace su ake yi.

Kafin ka kunna majigi, ko kafin ka buɗe murfinsa, haɗa waya ka danna Windows da P, ka zaɓi Extend. Duplicate na nuna wa jama'a duk abin da ke fuskar laftof ɗinka, har saƙon da ya shigo da sunayen foldodinka. Da Extend kuwa, idan ka sa alama a Use Presenter View a sashen Slide Show, jama'a hoto kaɗai suke gani, kai kuma kana ganin na yanzu da na gaba da lambar shafi. Alt da F5 na ba ka damar gwada wannan a gida ba tare da majigi ba.

F5 na farawa daga farko, Shift da F5 daga shafin da kake kai. Idan janareta ta mutu aka sake tayarwa, na biyun za ka danna, kada ka mayar da mutane farko.

B shi ne madannin da ya fi kowanne daraja a wurina. Yana baƙanta yadin nan take, ka sake danna shi hoto ya dawo daidai inda aka tsaya. Ladan ya kira Isha'i, danna S don tsayar da tafiyar hotuna, sai B, ka rage sautin lasifika. Liman zai yi addu'a, B. Hakimi ya miƙe zai yi jawabi a gaban yadi, B, kada haske ya dalle masa ido ko hoton wani ya kwanta a kan rigarsa. Esc fita yake yi daga nunin gaba ɗaya, sai an tashi taro ake taɓa shi. W kuma fari fat yake mayar da yadin, wanda ke taimakawa idan ana raba shahada ana son ɗan haske a gaba. Ɗiga wa B ɗan guntun salatif, yatsanka zai gane shi a duhu.

Sai tsalle. Buga lambar shafi ka danna Enter, kai tsaye zai kai ka can. A nan ƙaramin kati ke shigowa. Tun a gida danna Alt da 7, ka dubi lambobin, ka rubuta a kwali: 2 harabar makaranta, 19 ajin mahaddata, 37 aikin ginin sabon aji, 52 malamai. Manne shi kusa da kibod. Idan dagaci ya ce, "Malam, a sake nuna mana ginin nan," sai ka ce, "To, ranka ya daɗe," ka buga 3 da 7 da Enter, ka danna S ya tsaya har ya gama bayani. Idan abin da aka nema ba ya kan kati, G na jero duka shafuka, kuma matuƙar kana kan Presenter View a fuskarka kaɗai za su fito. Ctrl da H na ɓoye kibiyar linzami. Ctrl da P na ba da alƙalami, malamin gona na jin daɗinsa idan zai zagaye tabon cuta a ganye, E kuma na goge zanen. Duk wanda ya kwance maka, F1 a cikin nuni na fito da jerinsu, amma a gida ake wannan dubawa.

Kusan kowane aiki yana da madanni fiye da ɗaya, kuma wannan na ceto idan ɗaya ya mutu. Gaba: tazara, N, Enter, kibiyar dama, Page Down. Baya: P, Backspace, kibiyar hagu, Page Up. Ɗigo na aikin B, waƙafi na aikin W. 'Yan rimot ɗin nan da ake soka wa laftof ma irin waɗannan madannan suke aikawa, shi ya sa ba sa buƙatar wani saiti.

Ga mai son sanya madannansa: Impress

LibreOffice ta fara fitowa a 2011, kyauta ce ga kowa har da mai sana'a, kuma da zarar an sauke ta ba ta neman data. Impress ita ce sashenta na nuni. Ana zuba hotuna ta Insert, sai Media, sai Photo Album. F5, B, W, Esc da lamba da Enter duk suna aiki kamar yadda ka haddace.

Shiga Tools, sai Customize, sai Keyboard. A dama ka zaɓi Impress, don canjin kada ya shafi sashen rubutu da na lissafi. Jerin sama madannai ne, kowanne da aikinsa a gabansa. Nemi wanda gabansa babu komai. Ni na fi son Ctrl da Shift da lamba, domin hannu ba ya faɗa musu bisa kuskure. Waɗanda suka dushe ba sa karɓar canji. Taɓa madannin da ka zaɓa, sauko ƙasa ka rubuta sunan aikin a wurin nema, misali Photo Album ko Hide Slide ko Crop, taɓa shi a jerin Function, sai ka danna Assign, wanda a tsofaffin fitowa Modify aka rubuta. Idan kana aiki da manhajojin biyu, ba su lambobi iri ɗaya: abin da yake 6 a can ya zama 6 a nan.

Layin kayan aiki kuma a Toolbars yake, cikin akwatin dai. A Scope zaɓi LibreOffice Impress. Kusa da Target akwai 'yar alamar saiti, danna ta ka zaɓi Add, ka sa wa sabon layin suna, sannan ka riƙa tura umarni daga hagu zuwa dama da kibiya. Sauran layukan da suka cika fuska ka kashe su ta View, sai Toolbars. Rage nauyin hotuna yana Tools, sai Minimize Presentation.

Ajiye shirin, da gwaji

Wuta na ɗaukewa, batirin tsohuwar laftof ba ya riƙewa, kuma wata rana mai gyara zai wanke kwamfutar ya zuba sabon Windows. A PowerPoint shiga File, Options, Save, ka rage lokacin AutoRecover, wato ajiyar aiki da take yi da kanta, daga minti 10 zuwa 3. A Impress yana Tools, Options, Load/Save, General.

Shirin layinka kuma ka fitar da shi waje. A PowerPoint, a shafin da ka tsara layin, ƙasa akwai Import/Export, zaɓi Export all customizations, za ta ba ka ɗan fayil mai ƙarewa da exportedUI. A Impress, a shafin Keyboard, danna Save ka ajiye, Load kuma shi ke dawo da shi. Fayilolin ƙanana ne, sa su a filash, ka kuma tura wa kanka ta imel.

Ana gobe taro ka yi gwaji na gaskiya: da dare, fitila a kashe, linzami a cire. Sa ƙaninka ko yaron shago ya riƙa ba ka umarni ba bisa jeri ba, "baƙanta", "koma ajin mahaddata", "tsaya", "ci gaba", kai kuma kana yi ba tare da ka sunkuya ba. Wanda ya ba ka wuya, rubuta shi a bayan katin.

Idan laftof ɗin aro za ka yi aiki da shi, ko na makaranta, ka sani Import na goge duk tsarin da mai shi ya yi wa layukansa, ya ɗora naka a kai. Saboda haka ka fara fitar da nasa da Export ka ajiye da sunan da za ka gane, sannan ka shigar da naka. Idan an tashi taro ka mayar masa da nasa ta hanya ɗaya, ka goge hotunan jama'a daga kwamfutar, har da na cikin Recycle Bin, kafin ka miƙa masa.